Gurbin Sha'aibu

Kurayyat, Jidda
18 ga Zulhajji

Asma'u 'yar Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar Salla, ya aikin mustashfa, asibitin nan naku na Dammam, ya maigidanki Nawaf? Mu nan lafiya lau. Gwiwa ce dai take halinta. Likita ya ce sukarina ya hau, na ce masa ba shi ya ɗora shi ba, ya bar shi zai sauko da kansa.

Kawunki Usuman ke magana, jikata Haifa ke riƙe da biro, don kin san ni ban taɓa shiga aji ba. Na sa ta rubuta a takarda ta ɗauki hoto ta turo miki, saboda an gaya mini in na aiko da murya a jawwal, wayar hannun nan, kuna danna wani wuri ta riƙa gudu kamar ta ɗan tsako. Takarda ba ta gudu. Zauna ki karanta.

Na ji za ku Yunan hutu, ƙasar Turawan nan mai tsibirai. A bakin mata na ji, ba a bakinki ba, amma ma'alesh, ba komai. Ina da aike.

Kin san kiran sunaye da nake yi wa zuri'a kowace Juma'ar ƙarshen Muharram, ko da yake ku tsire da shayi ke kawo ku. Kakanmu ya fara shi a hanyar Hajji, shekara tara daga Katagum zuwa Sawakin da ƙafa, suna binne nasu suna wucewa. Ya ce duk wanda aka bari a baya a riƙa kiran sunansa, da inda yake kwance, da wanda ya wanke shi ko ya ga kabarinsa. Abu uku. In ɗaya babu, suna ba ya shiga. Daga shi sai babanmu Tukur, daga babanmu sai ni. Suna ɗari da sittin da biyu ne a kaina yau, ba ko ɗaya a takarda.

Kin kuma san in na zo kan 'ya'yan babanmu, bayan na kira uwarki, nakan yi shiru numfashi uku. Gurbin yayana Sha'aibu ke nan. Tare muke dako a mina, tashar jiragen ruwa. Shekarar da aka tsananta kamen marasa iƙama, wato takardar zama, wani jirgin siminti na Yunanawa ya rasa mai aikin inji, ya bi su. Ni kaɗai ya yi wa sallama. Bayan shekara uku takarda ta zo da hoto, shi da wata mace kai a buɗe, gaban wani farin gida. Babanmu ya jefa takardar da hoton a murhu, ya ce ba shi da ɗa mai wannan suna. Ambulan ta faɗi ƙasa, na take ta da ƙafa har ya fita. Shekara hamsin da ɗaya tana ƙasan akwatina.

Jiya Haifa ta nuna wa jawwal rubutun da ke bayanta, ya faɗi sunan tsibiri da sunan ƙauye. Sun fi ƙarfin bakina, ga hoton nan ta haɗa miki.

Abdulghaffar ɗan Baffa Sale, tun da ya bar koyarwa ya rasa wanda zai yi wa gyara sai ni. Ya ce shirun nan ba shi da asali, bana in daina. Na ce ranar da ya ga na daina, ya zo da likkafani. Amma gaskiya ɗaya ya faɗa: wanda zai gaje ni ba zai gaji shiru ba. Ina faɗuwa, Sha'aibu ya ɓace kamar ba a haife shi ba.

Ni takarduna ba na fita ba ne, in na fita babu komowa. Ke kina da jawaz, fasfonki na hannunki. Ki je ƙauyen nan. In yana da rai, ki ce masa Usuman yana nan. In ya mutu, ki ga kabarin da idonki, ki tambayi wanda ya wanke shi. Kada ki zo mini da "an ce".

Allah ya kai ku lafiya.
Kawunki Usuman

Dammam
20 ga Zulhajji

Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillah. Nawaf yana gaishe ka. Maganar sukari ba ta ba ni dariya ba, na gaya wa Haifa ta ɓoye gwangwanin dabino.

Ka yi haƙuri da Hausata, ka san rabinta Larabci ne. Na karanta takardarka a zaune, sau biyu, ba gudu.

Kawu, Yunan ba kamar unguwar Kurayyat da ta Sharafiyya ba ce, a ce in leƙa in dawo. Na duba kharita, wato taswira. Tsibirin nan awa tara ne a jirgin ruwa daga babban birninsu, kuma jirgin sau biyu yake zuwa a mako. Mun riga mun kama funduƙ, wato otal, a wani tsibiri dabam. Shekara shida ban ɗauki ijaza, hutu na kaina, ba, kullum ko jinya ko ta'aziyya. Na so in zauna bakin teku in yi barci, wallahi shi ke nan burina.

Duk da haka mun yi magana da Nawaf, ya ce kwana biyu za mu ba ka daga cikin goma. In mun je ba wanda ya san shi, halas, ka yarda na yi iyakar yina.

Tambaya ɗaya. Mutum ya yi shekara hamsin a ƙasar da ba masallaci, ba ɗan'uwa. In na samo abin da ba za ka so ji ba fa? In gaya maka, ko in ce ban samu kowa ba? Ka zaɓa tun yanzu.

'Yarka Asma'u

3 ga Muharram

Kawu, mun iso ƙauyen lafiya. Wuri ne mai kyau sosai. Zan rubuto.

Asma'u

Kurayyat
6 ga Muharram

Asma'u,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau, in kin damu ki sani.

Tambayarki ta wancan karo ban amsa ba don ba tambaya ba ce. Ni aka taɓa ɓoye wa mutuwa?

Kwana uku ina zaune kan layi biyu. "Wuri ne mai kyau sosai." Na aike ki ki dubo mini kyan wuri? Na ce wa Haifa yarinyar nan ta sami teku ta manta da ni. Ashe gara ma mantuwar.

Yau bayan la'asar Abdulghaffar ya shigo, bai jira an ce ya zauna ba. Ya ce, "Yaya Usuman, ka ga abin da Nawaf ya saka a gurub na zuri'a?" Na ce ni ba na gurub. Ya tura mini jawwal har hanci. Wani ɗaki na dutse, kanta-kanta kamar shagon kayan gyara, akwatunan ƙarfe a jere. Ɗaya da hoton wani baƙin tsoho a gaba, kai fari fat. Ba sai an gaya mini ba. Kunnuwan babanmu ne. A kan murfin kuma an zana gicciye.

Ya ce ya buga wa Nawaf, Nawaf ya ce Haifa ya yi niyyar tura wa, hannu ya kuskure. Ya ce wai ƙasusuwa ne a ciki. Wai tono shi aka yi.

Mutum tamanin sun ga yayana a kan kanta kafin ni! Matan unguwar Madain Fahd suna ta turo fuskar kuka. Ni da na riƙe ambulan shekara hamsin da ɗaya, a hannun Abdulghaffar zan ji?

Sai ya gyara zama ya ce, "To, ka gani da idonka. Wanda ya mutu a kan wannan, ba a haɗa shi da Musulmin da suka faɗi a hanyar Hajji. A rufe maganar." Na ce, "Ustaz, shayinka ya huce, kuma ƙofa tana inda ka bar ta."

Yanzu ki saurara. Ban san wanda ya tono shi ba, Allah ya isa tsakanina da shi. Ki karɓo akwatin nan. Ki zubar da zaitun da sabulun da kuka saya, ki sa shi a jakarki. In ana son takarda, Nawaf ya bi layi, ai ya iya danne-danne. A kawo shi Jidda, mu sa shi a ƙasa kamar ɗan Adam, fuska alƙibla, in ga kabarin da idona, in kira sunansa a gaban Abdulghaffar. Saura kwana ashirin da biyu. Yalla.

Usuman

(Asma'u, Haifa ce. Na rage wasu kalmomi. Bai ci abinci ba tun da mutumin nan ya fita. Don Allah ki rubuto da sauri.)

Daga ƙauyen
8 ga Muharram

Kawu,

Assalamu alaikum. Ka ci abinci kafin Haifa ta karanta maka wannan, in ba haka ba na ce ta ajiye.

Ka yafe mana hoton. Nawaf ya kasa haɗa ido da ni tun shekaranjiya. Shirun kuma nawa ne. Sau huɗu na fara rubutu ina yagewa. Har yanzu muna nan, iska ta taso, jirgi ya daina zuwa. Kwana biyunka sun zama shida, funduƙinmu na can yana jiran mutanen da ba za su zo ba.

Ƙauyen yana kan dutse, teku a ƙasa. Gidaje farare, hanya duk matakala, ba inda mota za ta bi, jaki ke hawo da kaya. A tsakiya akwai wata babbar bishiya, tsofaffi na shan gahawa a ƙarƙashinta. Na nuna musu hoton ambulan. Suka miƙa wa juna jawwal ɗin, suka dubi fuskata, sai ɗaya ya tashi da sandarsa ya yi mana alama mu bi shi. Ya kai mu gidan burodi.

Kawu, matar da ta fito tana goge gari a hannu, wushiryar Ummi, mahaifiyata, ce a bakinta. Sunanta Irini, shekararta hamsin, 'yar Kawu Sha'aibu ce, ita kaɗai ya haifa. Tana jin Turanci saboda baƙi. Ta rufe shagon da rana tsaka, ta zaunar da mu, ta yi ta ɗora mana kifi da cuku har Nawaf ya roƙi arziki.

Ga abin da ta ce. Jirgin ya lalace, wani abokin aikinsa ɗan ƙauyen ya taho da shi gida, Kawu Sha'aibu ya auri ƙanwar abokin. Ya zama magini. Rabin katangun da muka bi shi ya ɗora su. Ya rubuta takarda ɗaya zuwa Jidda. Duk ranar jirgi yakan sauka bakin ruwa ya tsaya wurin buhun wasiƙu, har gwiwa ta hana shi. Shekara goma sha shida da rasuwarsa.

Ba wulaƙanci aka yi masa ba. Nan duk dutse ne, maƙabartar ba ta fi tsakar gidanka ba. Kowa nasu in ya yi shekara biyar a ƙasa, danginsa su fito da ƙasusuwan, su wanke, su sa a akwati, a ba wani wurin. Har limaminsu haka za a yi masa. Irini ce ta wanke shi da hannunta. Da giya suke wankewa, ita ta ƙi, ta ce bai taɓa sha ba, ta ɗebo ruwan rijiya. Gicciyen kuma, maƙerin haka yake buga wa kowane akwati. Na shiga ɗakin, na ga akwatin da idona, na dafa shi.

Na san abin da kake son in tambaya, kuma na tambaya kai tsaye. Ta ce ba ta sani ba. Ba ta taɓa ganin ya yi salla irin tamu ba, ba ta taɓa ganin ya yi irin tasu ba. Yakan raka uwarta har ƙofar coci ya zauna a waje kan dakali. Sau ɗaya a shekara yakan hau bayan gida shi kaɗai, ya fuskanci teku, bakinsa na motsi har tsawon awa, ba mai zuwa kusa. Ba ta riƙe kalma ko ɗaya ba. Iyakar abin da na samu ke nan, ban ƙara gishiri ba.

Sannan na fassara mata takardarka, duka, har da Allah ya isa. Ta saurara hannu a ƙugu. Ta ce in rubuta maka haka, kada in gyara:

"Ki gaya wa baffana ni ce na tono shi, ya yi fushin da ni. Ubana ya yi shekara talatin da biyar yana jiran takarda ɗaya daga wurinku. Ni na yi jinyarsa, ni na rufe masa ido, ni nake share ɗakin nan duk Asabar. Akwatin uwata yana jikin nasa. Ba tsaraba ba ne da za a sa a jaka. In yana son ɗan'uwansa, ya zo. Akwai gado, akwai burodi."

Na ce mata ba ka iya fita. Ta ce, "To, shi ma haka."

Kawu, na yi mata magiya har da kuka. Na taɓa ganin irin wannan taurin kai a wuri ɗaya tak, a Kurayyat. Ba zan zo da akwati ba. Abin da ya rage naka ne.

'Yarka Asma'u

Kurayyat
29 ga Muharram

Asma'u 'yar Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ji kun koma Dammam lafiya, kin koma aiki ba ki yi barcin bakin tekun ba. Allah ya ba ki ladan. Ki ce wa Nawaf ya daina ɓuya, na huce. Ni lafiya lau, murya ce kawai ta dushe tun jiya.

Na san kin jira amsa mako uku. Ba fushi nake da ke ba. Da matar nan nake faɗa, ni kaɗai a ɗaki, kuma kullum ita ke kayar da ni. Abin da ta faɗa gaskiya ne. A mina akwai Yunanawa, da na kai musu ambulan da sun karanta mini. A ƙofar barid, gidan waya, akwai masu rubuta wa mutane takarda. Babanmu yana da rai na ji tsoronsa. Da ya mutu na ji kunyar shekarun da suka wuce, na bar kunya ta yi ta haihuwa. Shiru numfashi uku ya fi sauƙi. Haifa, rubuta haka, kada ki rage.

Jiya aka yi taron, a istiraha, gidan taron da muka saba kamawa. An cika, har waɗanda rabonsu da zuwa tun auren Wafa'. Kallo ya kawo su. Kafin in fara, Abdulghaffar ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya yadda kowa zai ji.

Ya ce, "Yaya, don girman Allah ka tsallake. Ba mu san a kan me ya mutu ba."

Na ce, "Ka faɗi gaskiya, Ustaz, ba mu sani ba. Ni ban sani ba, kai ba ka sani ba, 'yar da ta rufe masa ido ba ta sani ba."

Ya ce, "Ai an ce yakan fuskanci teku yana motsa baki. In ka ce zikiri yake yi, sai mu sami abin kamawa."

Kin ji? Ƙofa ya buɗe mini, in yi ƙarya kaɗan kowa ya huta. Na ce, "Ban ji abin da yake faɗa ba, ba zan sa masa magana a baki ba. Kakanmu abu uku ya ce: suna, wuri, shaida. Bai ce a kawo sakamakon hisabi ba. Ni ban ba shi Aljanna ba, kai ma ba a ba ka mabuɗin Wuta ka riƙe ba. Koma ka zauna."

Na fara daga Kaka Mairo da aka bari a Kukawa. Na bi su ɗaya ɗaya, Abeshe, Fashir, Madani, Sawakin, har muka ƙetare ruwa. Da na kira uwarki, wurin ya yi tsit, har ƙarar mukayyif mai sanyaya ɗaki ake ji. Sai na ɗaga murya yadda ɓangaren mata za su ji:

"Sha'aibu ɗan Tukur. A tsibirin Yunan, cikin akwati, a ɗakin dutse sama da teku. 'Yarsa Irini ta wanke shi. Asma'u 'yar Rabi ta gani."

Abdulghaffar ya miƙe, ya yafa gutrarsa, mayafin kansa, 'ya'yansa da surukansa suka bi shi. Wajen mutum ashirin. A bakin ƙofa ya juyo ya ce baɗi za su yi nasu taron. Na ce, "Allah ya ba da sa'a. Da wane kai za a riƙe sunayen?" Wani ya yi dariya, ban ga ko wane ne ba. Na ci gaba daga inda na tsaya, ban ɓata suna ko ɗaya ba. Tsire ya yi saura da yawa, an raba wa maƙwabta.

Ba zan ɓoye miki ba, fitarsa ta yi mini ciwo. A bayana na goya shi zuwa Arfa yana ɗan shekara huɗu. In ya dawo, wurinsa na nan. In bai dawo ba, ranar da ya riga ni mutuwa, zan kira shi kamar kowa.

Yanzu ga saƙo, ki fassara wa Irini, kada ki gyara. Ki ce baffanta ya janye Allah ya isa. Akwati ya zauna inda yake, ta ci gaba da shara. Ki ce an kira sunanta a Jidda gaban mutum ɗari, kuma za a riƙa kira duk shekara, ko tana so ko ba ta so. Ki ce takardar da ubanta ya jira ita ce wannan, ta zo a makare, laifin nawa ne ba na jirgi ba.

Sannan ki tambaye ta sunan uwarta, da na uban uwar, ki turo da murya a hankali yadda zan haddace. Matar yayana ce, tana kwance jikinsa, kuma kin ga akwatin da idonki. Abu uku sun cika, ban ga dalilin tsallake ta baɗi ba. Abdulghaffar ya riga ya fita, ba zai fita sau biyu ba.

Kawunki Usuman